Kayan aiki huɗu da ke riƙe da shafin intanet

Duk wanda ya buɗe Wikipedia ta Hausa a wayarsa, wata kwamfuta ce can nesa, wadda ba ta barci, take amsa masa. Ita ake kira saba. Haɗa irinta ba sai an sayi manhaja ba, domin manyan kayan aikin huɗu duk kyauta ne.

Na farko Linux, tushen da sauran ke zaune a kansa, wanda Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991. A kansa ake girka Apache, wadda ta fito a 1995. Ita ce mai gadi, tana karɓar buƙatun baƙi ta ƙofa mai lamba 80 ko 443. Sai MySQL, rumbun da ke adana rubuce-rubuce da sunayen masu shiga. Cikon na huɗu PHP, harshen da Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995.

Idan mai karatu ya nemi labari, Apache ta miƙa wa PHP, shi kuma ya ɗauko bayanin daga rumbu, ya tsara shafi, a aika. Kafin ƙiftawar ido an gama.

Da PHP da MySQL Facebook ya fara a 2004, haka ma WordPress da su yake aiki. Bayan girkawa, masu kula da saba kan sa wa rumbun kalmar sirri mai ƙarfi, su rufe ƙofofin da ba a buƙata, su karɓi shaidar tsaro kyauta daga Let's Encrypt, sannan su riƙa ajiye kwafin bayanai a wata na'ura daban.