Bijire wa doka cikin lumana: gyara ne ko ɓarna?

Zanga-zangar lumana ba laifi ba ce a Najeriya, domin sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin taruwa. Bijire wa doka kuwa mataki ne na gaba: mutum ya karya wata doka da gangan, a bainar jama'a, ba tare da tashin hankali ba, yana shirye ya fuskanci hukunci, domin ya fallasa zaluncin da ke cikinta.

Masu sukar wannan hanya suna da hujja mai ƙarfi. A ƙasar da ke da zaɓe da majalisa da kotu, idan kowa ya zaɓi dokar da zai bi, talaka ne zai fara shan wahala, tun da doka ce garkuwarsa daga mai ƙarfi.

Sai dai tarihin Kano ya nuna ɗaya ɓangaren. A watan Satumbar 2003 jam'iyyar ANPP ta yi gangami a birnin ba tare da izinin 'yan sanda ba, aka tarwatsa taron da barkonon tsohuwa. Maganar ta kai kotu, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cewa sharaɗin neman izinin, wanda aka gada daga mulkin mallaka, ya saɓa wa tsarin mulki. Duk matashin da ya ɗaga kwali a titi yau yana cin moriyar wannan hukunci.

A ranar 1 ga Agustan 2024 labari ya sha bamban. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe zuwa wawashe dukiya, ciki har da cibiyar fasahar zamani ta hukumar NCC, gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita, kukan yunwa ya ɓace cikin hayaniya. Hukuma ma ba ta wanke kanta ba: a Nuwamba aka gurfanar da ƙananan yara a kotun Abuja, wasu suka yanke jiki suka faɗi.

Ma'aunin a fili yake. Bijirewa tana amfani idan ta nufi takamaimiyar doka, ta kare ran maƙwabci da shagonsa, kuma ta ƙare a zauren kotu ko majalisa. Idan aka rasa waɗannan, hukuma ce ke samun hujjar ƙara matse 'yancin da aka fito nema.