Njideka Akunyili Crosby: Mai zanen da ta mayar da atamfar anko da fotokwafi kayan aiki

Duk wanda ya daɗe yana aikin gwamnati a Abuja ya san atamfar da ake buga wa fuskar mutum, ko don yaƙin neman zaɓe ko don jana'izar wani babba. Ana ɗinka ta anko, a sa sau ɗaya, ta koma ƙasan akwati. Irin wannan atamfa ce Njideka Akunyili Crosby ta ɗauko ta shigar cikin zanenta, har ya kai manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya.

An haife ta a Enugu a 1983. 'Ya ce ga marigayiya Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, kafin ta zama Ministar Yaɗa Labarai. Tana da shekara 16 ta tafi Amurka, inda ta haɗa karatun kimiyyar halittu da na zane a kwalejin Swarthmore, daga bisani ta kammala digiri na biyu a Jami'ar Yale a 2011.

Abin da ya bambanta aikinta shi ne kayan da take haɗawa a kan faffaɗar takarda: fentin akirilik, gawayi, fensir mai launi, ƙyallen atamfa, da kuma hotunan da take kwafowa. Takan tattaro hotuna daga kundin iyalinsu, da mujallun Najeriya, da intanet, ta yi musu fotokwafi. Sai ta kifa kwafin a kan takardar, ta goge bayansa da asiton, sinadarin da ake cire jan farce da shi. Tawadar ta narke ta koma kan takardar, hoton ya fito a juye, kuma dishi-dishi.

Wannan hanya ba ta da tabbas. Wani wuri tawadar ta kama sosai, wani wuri ta ƙi, kuma takarda ba ta jure kankara kamar yadda zanen fenti ke jure shafe kuskure. Amma wannan raunin shi ne ya dace da abin da take son faɗa. Wanda ya bar gida yana matashi, haka gidan ke dawo masa a zuci: wasu fuskoki tar, wasu sun kusa ɓacewa. Daga nesa mai kallo zai ga mace zaune a falo. Idan ya matso, sai ya tarar bango da kujera, har da fatar jikinta, cike suke da ƙananan hotunan mawaƙa, 'yan siyasa da 'yan uwa.

Bayan rasuwar mahaifiyarta a 2014, atamfar ta ƙara nauyi a aikin. Dora ta tsaya takarar sanata a Anambra a 2011, kuma ƙyallen da ke ɗauke da fuskarta ya bayyana a zanen 'yarta. Babu fentin da zai iya maye gurbinsa, domin shi ne ainihin abin da mutane suka sa a jikinsu.

A 2017 an yi gwanjon zanenta mai suna The Beautyful Ones, wanda ke nuna yayarta tana yarinya, a Christie's da ke Landan kan sama da dala miliyan 3. A shekarar ce kuma ta samu kyautar gidauniyar MacArthur.

Darasin da ke nan ga matasan masu zane shi ne, ba tsada ko baƙuntar kayan aiki ke sa shi daraja ba, sai dalilin zaɓensa. Injin fotokwafi yana kowane ofis, atamfar anko kuma tana kowane gida. Abin da ta ƙara shi ne sanin labarin da kowannensu ke ɗauke da shi.