Bizar karatu: yadda Ba'amurke yake nemanta, da abin da ya shafe mu a nan sansani

Tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da shirinta na karɓar 'yan gudun hijira a watan Janairu na 2025, tambayoyin da ake kawo mana a ofishin kariya sun canza. A da, ana tambayarmu ne inda maganar sake matsuguni ta kwana. Yanzu matasa da iyayensu bizar karatu suke tambaya. Wasu suna da dangi da suka daɗe a Amurka har suka zama 'yan ƙasa, suna jin labarin ɗan wane ya tafi karatu Faransa, 'yar wance tana Ingila. Daga nan sai a ɗauka biza kamar tikitin mota ce, mai kuɗi ko mai hanya ya miƙa hannu a ba shi.

Ba haka abin yake ba. Za mu bayyana matakan da Ba'amurke da kansa yake bi idan zai je karatu wata ƙasa. Wanda ya ga abin da ake nema a wurin mai fasfon Amurka zai san abin da za a nema a wurinsa, kuma zai gane maƙaryaci idan ya zo masa.

Fasfo daban, biza daban

Fasfo takarda ce da ƙasarka take ba ka, tana shaida kai wane ne. Biza kuwa izini ne daga ƙasar da kake son shiga. Amurka ba ta iya ba ɗanta izinin zama a Faransa, Faransa ce kaɗai take da wannan iko.

Gaskiya ne Ba'amurke yana shiga yawancin ƙasashen Turai ba tare da biza ba, amma kwana 90 kawai a cikin kowane kwana 180, kuma a matsayin baƙo. Shekarar karatu ta fi haka tsawo. Saboda haka idan zai yi digiri, dole ya nemi bizar karatu ko takardar izinin zama, kamar kowa.

Makaranta ce farko

Babu wanda yake fara neman karatu daga ofishin jakadanci. Daga makaranta ake farawa. Ɗalibi yana aika sakamakon jarrabawarsa, makaranta ta duba, ta ba shi gurbi a rubuce. Sai da wannan takardar a hannu ake maganar biza.

A Ingila, makarantar da ta ɗauke shi tana ba shi wata lamba ta musamman da ake kira CAS. Idan babu ita, ba zai ma iya kammala fom ɗin biza ba, kuma makarantar da gwamnati ta ba lasisi ce kaɗai take iya bayar da ita. A Faransa, Ba'amurke yana fara bi ta hukumar Campus France, ya shigar da takardunsa ta intanet, ta duba su, kafin ya wuce zuwa neman bizar dogon zama. A Kanada ma sai makarantar tana cikin jerin waɗanda gwamnati ta amince su ɗauki ɗaliban waje.

Shaidar kuɗi

Kowace ƙasa tana son ta tabbatar ɗalibi ba zai shiga wahala ko ya zama nauyi a kanta ba. A shekarar 2025, Faransa ta nemi shaidar Yuro 615 a kowane wata, wato kimanin sefa 403,000. Jamus ta ƙayyade Yuro 11,904 na shekara guda tun watan Satumba na 2024, abin da ya kai kimanin sefa miliyan 7 da dubu 800. Yawancin ɗalibai suna zuba wannan kuɗi ne a wani asusun banki da ake kullewa, ba sa iya cirar fiye da Yuro 992 a wata. Ingila tana son kuɗin ya yi kwana 28 a jere a cikin asusu, don kada mutum ya ari kuɗi yau ya nuna, gobe ya mayar. Ba kullum ake ce wa Ba'amurke ya kawo takardar banki a Ingila ba, amma dole kuɗin yana nan, domin ana iya tambayarsa.

Wanda ya sami tallafin karatu, takardar tallafin ce take tsaya masa a maimakon kuɗin banki. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sauran takardu

Ana neman fasfon da wa'adinsa bai kusa ƙarewa ba, da hotuna, da inshorar lafiya. Ingila tana karɓar fam 776 a kowace shekara daga ɗalibi don kula da lafiyarsa, ban da kuɗin bizar kanta. Sifen tana neman takardar likita, da takardar hukumar FBI da ke nuna ba a taɓa kama mutum da laifi ba, idan karatun zai wuce kwana 180.

Akwai kuma lokaci. Ingila tana karɓar takardu tun wata shida kafin a fara karatu, kuma yawanci amsa tana fitowa cikin mako uku. Faransa ba ta karɓa sai ya rage wata uku a yi tafiya. A ƙasashe da yawa sai mai nema ya je da ƙafarsa an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Ba a aika wani ya yi maka wannan.

Akwai inda aka sauƙaƙa wa Ba'amurke. Jamus tana barinsa ya shiga tukuna, sannan ya nemi izinin zama a ofishin baƙi cikin kwana 90. Kanada tana barinsa ya nemi izinin karatu a bakin iyaka. Amma ko a nan ba a yafe masa takardar makaranta da shaidar kuɗi ba. Wurin miƙa su ne kawai ya canza.

Bayan an isa

Biza tana zuwa da sharuɗɗa. A Faransa dole ɗalibi ya tabbatar da bizarsa ta intanet cikin wata uku da isowa, kuma aikin da zai yi na neman abin kashewa kada ya wuce awa 964 a shekara. A Ingila ɗalibin digiri ba ya wuce awa 20 a mako lokacin da ake karatu. Wanda ya daina zuwa aji yana iya rasa izininsa. Idan karatu ya ƙare, izinin ma ya ƙare, sai dai in ya nemi wani daban.

Ga danginmu da ke Amurka

Zama a Amurka bai mai da mutum Ba'amurke ba. Ɗan gudun hijirar da aka kai can yana neman katin zama na dindindin, wanda ake kira girin kad, bayan shekara guda. Zama ɗan ƙasa kuwa sai bayan shekara biyar. Kafin nan ba shi da fasfon Amurka, kuma sauƙin da muka ambata a sama bai zama lallai ya shafe shi ba. Abin da yake tafiya da shi takardar tafiya ce ta 'yan gudun hijira, wadda wa'adinta shekara ɗaya ne.

Mai girin kad da ya yi fiye da wata shida a waje yana iya jawo wa kansa jinkiri wajen zama ɗan ƙasa. Wanda ya wuce shekara ba tare da takardar izinin komawa ba yana iya rasa katin gaba ɗaya. Idan kuna da ɗa ko ƙani a can mai niyyar fita karatu, ku ce masa ya ga lauyan shige da fice kafin ya sayi tikiti.

To, mu fa?

Matakan guda ne: makaranta, kuɗi, takardu, sannan biza. Amma akwai wurare uku da namu ya fi nauyi.

Na farko, takardar tafiya. Yawancinmu ba mu da fasfo. Sashe na 28 na yarjejeniyar 1951 kan 'yan gudun hijira ya tanadi takardar tafiya ta musamman, kuma yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta 1969 ma ta yi maganarta. Gwamnatin ƙasar da ta ba mu mafaka ce take bayar da ita, ba HCR ba, kuma tana ɗaukar lokaci. Muna roƙo da babbar murya: kada wani ya tsallaka Najeriya ya yi fasfo, ko ya je ofishin jakadancinta, bai zo mun yi magana ba. Wanda ya karɓi fasfon ƙasar da ya gudo daga cikinta da son ransa, ana iya ɗauka ya koma ƙarƙashin kariyarta, kuma hakan yana iya taɓa matsayinsa na ɗan gudun hijira.

Na biyu, maganar komawa. Jami'in biza a ƙasashe da yawa yana son ya gamsu cewa ɗalibi zai bar ƙasarsu idan ya gama. Ba'amurke ba ya shan wahala a nan, yana da gidan komawa. A bizar karatu ta Amurka kanta, wadda ake kira F-1, doka tana ɗaukar mai nema a matsayin mai son zama dindindin har sai ya nuna akasin haka. Ɗan gudun hijira yana iya samun gurbi, ya biya dala 350 na rajistar ɗalibai da dala 185 na biza, a hana shi saboda wannan dalili kaɗai, kuma kuɗin biza ba ya dawowa.

Na uku, nisa. Ofisoshin jakadanci suna Yawunde. Daga Minawao sai an je Marwa, a shiga mota zuwa Ngaundere, a kwana a jirgin ƙasa. Ana buƙatar takardar izinin tafiya, da kuɗin mota, da masauki, wani lokaci fiye da sau ɗaya.

Hanyoyin da aka yi domin 'yan gudun hijira

Saboda waɗannan matsaloli ne aka kafa shirye-shirye na musamman, inda tallafi yake tsayawa a maimakon asusun banki, kuma ake taimaka wa ɗalibi da maganar takardu.

DAFI shi ne mafi daɗewa a wurin HCR. Gwamnatin Jamus ce ta kafa shi a 1992. Yana biya wa ɗalibi karatun digiri na farko, yawanci a ƙasar da yake zaman mafaka. Ba ya buƙatar biza, kuma shi ne ya fi kusa da mu.

UNICORE ya fara a 2019, yana kai ɗalibai jami'o'in Italiya don digiri na biyu. UNIV'R ya fara a 2022, shi ma digiri na biyu ne, a Faransa, kuma yana buƙatar Faransanci mai kyau. Duka biyun sai wanda ya riga ya gama digiri na farko. A Kanada, ƙungiyar WUSC tana da shiri tun 1978 wanda ya haɗa karatu da zama na dindindin, amma a wasu ƙasashe kaɗan yake ɗaukar ɗalibai.

Guraben kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma ƙasashen da ake ɗauka suna canzawa daga shekara zuwa shekara. A duniya baki ɗaya, kimanin kashi 7 cikin 100 na matasan 'yan gudun hijira ne suke karatun gaba da sakandare a 2023. Burin HCR shi ne a kai kashi 15 kafin 2030.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake sakandare ya dage ya fita da sakamako mai kyau, domin shi ne abin da kowane shiri yake fara dubawa. Wanda ya bar takardunsa a gida lokacin gudu ya yi ƙoƙarin tuno lambar jarrabawarsa ta WAEC ko NECO da shekarar da ya zauna, domin da su ake iya duba sakamako ta intanet. A duba cewa suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a katin gudun hijira da takardun makaranta. Idan akwai bambanci, ko na harafi ɗaya ne, a zo a gyara da wuri. A kuma riƙa koyon Turanci da Faransanci. Ba'amurke ba ya zana jarrabawar Turanci don bizar Ingila, mu kuwa ana iya neman IELTS ko TOEFL a wurinmu, ko DELF da TCF a ɓangaren Faransanci.

Iyayenmu maza da mata, wannan ya haɗa da 'ya'yanku mata. Shirye-shiryen nan suna ɗaukar mata kamar yadda suke ɗaukar maza, amma yarinyar da aka cire daga aji ba ta da takardar da za ta nuna.

Yadda za a gane ɗan damfara

Duk wanda ya ce zai samo muku biza ba tare da takardar makaranta ba, ƙarya yake. Haka wanda ya ce ba sai kun je da kanku ba, ko ya ce yana da mutum a ciki, ko ya ba ku tabbacin za a ba ku. Jami'ar da ta ɗauki ɗalibi ma ba ta iya ba shi wannan tabbaci. Ku yi hattara da saƙonnin WhatsApp da Facebook masu ɗauke da tambarin HCR suna neman a tura kuɗin fom ta waya. Kada ku ba kowa katinku na gudun hijira ko asalin takardun makarantarku ya tafi da su. Takardar jabu kuma ba hana biza kaɗai take jawowa ba: a Ingila tana iya sa a hana mutum shiga har shekara 10.

Duk ayyukan HCR da abokan aikinta kyauta ne. Sanarwar kowane tallafin karatu ana liƙa ta a allon sanarwa, ana kuma faɗa wa shugabannin unguwanni. Wanda aka nemi kuɗi a wurinsa, ko wanda ya riga ya biya, ya zo ofishin kariya ko ya saka takarda a akwatin koke. Ba za a hukunta shi ba, ba za a faɗi sunansa ba, kuma akwai mai fassara da Hausa.