Kare Rayukan Ma'aikata a Rumbunan Ajiyar Ma'adinai: Nazari Daga Yankin Illela

1.0 Gabatarwa

Garin Illela yana tsakanin masana'antun siminti biyu. Ta farko ita ce ta Kalambaina a Sakkwato, wadda ta fara aiki a 1967, yau kuma tana hannun kamfanin BUA. Ta biyu tana Malbaza a Jamhuriyar Nijar, gaba da Birnin Ƙonni. Aikin siminti kuwa ba ya yiwuwa sai da manyan rumbunan tara niƙaƙƙen dutse da gari. A wannan maƙala za mu bayyana yadda irin wannan rumbu yake halaka ma'aikaci, da hanyar kauce wa hakan.

2.0 Tushen Haɗari

Rumbun laka da manomanmu suka saba da shi ta sama ake ɗibarsa, saboda haka mai shiga yana taka hatsin da ba ya motsi. Rumbun masana'anta kuwa ta ƙasa ake zuƙe shi. Da zarar an kunna injin, tsakiyar kayan za ta lotsa kamar bakin mazurari, ta ja duk wanda ke tsaye a kai. Cikin 'yan daƙiƙoƙi zai nutse har ƙugu, idan garin ya kai ƙirji kuma nauyinsa ya hana numfashi.

Haɗari na biyu danshi ne ke kawo shi, musamman da damina. Saman garin yakan daskare ya yi ɓawo, alhali ƙarƙashinsa kogo ne, sai ya rufta da wanda ya taka. Haka kuma abin da ya manne a bango yakan zubo wa mai ƙwanƙwasarsa daga ƙasa.

3.0 Matakan Kariya

(a) A fara ƙoƙarin fasa daskararren kaya daga waje.
(b) In shiga ta zama dole, a kashe injin, a sa kwaɗo a makunninsa, mai shiga ya riƙe makullin.
(c) A auna iskar ciki. Kada iskar shaƙa ta gaza kashi 19.5 cikin ɗari.
(d) Mai shiga ya ɗaura ɗamara da igiya, wani kuma ya tsaya a baki yana lura.
(e) Kada kowa ya faɗa ceto ba shiri, gudun kada gawa ɗaya ta zama biyu.

4.0 Kammalawa

Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai ma'aikata nauyin tsare lafiyar ma'aikatansa. Amma doka ba ta amfanar leburan da bai fahimce ta ba. Don haka muna ba da shawara a rubuta waɗannan ƙa'idoji da Hausa, da boko da ajami, a jikin kowane rumbu, kwalejojinmu kuma su koyar da su ga ɗaliban fasaha.