Kaliban a Hannun Masu Zane na Jamus: Mallaka Tun Kafin Mallaka

Sai a shekarar 1884 ne Jamus ta kafa tutarta a Togo da Kamaru. Amma sha'awar mallakar ƙasashen wasu ta riga tutar da nisa, kamar yadda Susanne Zantop ta nuna cikin littafinta na 1997. Ana iya bin sawun wannan sha'awa har cikin zane-zanen da aka yi wa wasannin kwaikwayo.

Wasan da ya fi dacewa a duba shi ne The Tempest, watau Guguwa, wanda Shakespeare ya rubuta wajen 1611, August Wilhelm Schlegel kuma ya juya shi da Jamusanci a 1798. A cikinsa Prospero, basarake daga Milan, ya faɗa wani tsibiri, ya tarar da Kaliban, ɗan wata mata da aka koro daga Aljiyas. Kaliban ya nuna masa maɓuɓɓugai da ƙasa mai albarka. Shi kuwa baƙon ya koya masa harshe, daga baya ya bautar da shi, yana sa shi ɗaukar itace.

Moritz Retzsch na Dresden ya fitar da zanensa na wasan a 1841. Hanyarsa ita ce layi zalla, ba launi ba inuwa. Da yake babu launin fata, sai siffar jiki ta ɗauki aikin rarrabewa: Prospero mutum ne cikakke cikin tufafinsa, Kaliban kuwa ya karkata zuwa ga dabba. Wilhelm von Kaulbach, a zanensa na wajen 1855, ya zaɓi wurin da Kaliban ya ƙasƙantar da kansa gaban bugagge Stephano saboda kwalbar giya.

Abin da mai nazarin harshe zai fi kula da shi, shi ne abin da zane ya zubar. A dandali Kaliban yana da baki. Yakan yi magana da ƙirar waƙa, alhali mashayan nan biyu da ya bi zube suke yi. Ya kuma fito fili ya ce tsibirin nasa ne, gadon uwarsa. Takarda ba ta ɗaukar murya. Mai kallo yana ganin durƙuso, ba ya jin ƙarar da aka kai.

Ba a ce Retzsch ko Kaulbach sun yi nufin share wa mulkin mallaka hanya ba. Ƙagen zai yi yawa. Sai dai irin waɗannan hotuna an buga su da yawa, sun shiga gidajen masu karatu shekara talatin zuwa arba'in kafin a zauna taron Berlin na 1884.