Sashen Likitancin Cututtukan Ciki na Jami'ar Ahmadu Bello

Sashen Likitancin Cututtukan Ciki ɗaya ne daga cikin sassan koyar da aikin likita na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Jihar Kaduna. Aikinsa gano cututtukan manya, maza da mata, da warkar da su ta hanyar magani, ba tiyata ba. Kalmar "ciki" a nan tana nufin duk gaɓoɓin cikin jiki: zuciya, huhu, ƙoda, hanta, hanji da ƙwaƙwalwa. Malaman sashen su ne kuma manyan likitocin da ke duba majinyata a Asibitin Koyarwa na jami'ar, saboda haka jinya da koyarwa da bincike duk a gefen gadon majinyaci ake yin su.

Tarihi

An kafa jami'ar a 1962, tsangayar likitanci kuma a 1967. Shekaru da dama ana koyar da ɗalibai a asibitocin Tudun Wadan Zariya da Kaduna da Malumfashi, kafin asibitin ya koma mazauninsa na dindindin a Shika a 2005. Farfesa Eldryd Parry, ɗan Birtaniya, ya jagoranci sashen daga 1969 zuwa 1977. A lokacin yana Zariya ne aka buga littafin da ya tace, Principles of Medicine in Africa, a 1976, wanda ya tsara ilimin likitanci bisa cututtukan da ake gani a Afirka. Daga baya ya koma Ilorin, sannan Kumasi a Ghana.

Jinya da koyarwa

An raba sashen rukuni-rukuni: na zuciya, na ƙoda, na ƙirji, na hanta da hanji, na ciwon suga, na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da sauransu. Cututtukan da suka fi cika ɗakunan kwanciya sun haɗa da hawan jini da abin da yake jawowa, wato gazawar zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda, sai ciwon suga, tarin fuka da ciwon hanta.

Ginshiƙin aikin shi ne zagayen duba majinyata. Babban likita yana tafe gado-gado, biye da shi likitoci masu neman ƙwarewa, da sababbin likitoci masu aikin shekara ɗaya na horo, da ɗalibai. A kowane gado ɗalibi ko ƙaramin likita zai bayyana tarihin ciwon da abin da ya gano a jikin majinyacin. Babban likita zai yi masa tambayoyi, ya sake duba majinyacin da hannunsa, sannan a tsai da shawara kan gwaji da magani. Ana karatu da Turanci, amma yawancin majinyata Hausa suke ji, don haka sai ɗalibi ya gane abin da mutum yake nufi idan ya ce yana da "ciwon sanyi" ko "basir", domin kowace kalma tana iya ɗauke da cututtuka daban-daban.

Digirin likita shekara shida ne, kuma a shekarun ƙarshe ɗalibi yake shiga wannan sashe. Mai son zama ƙwararre zai ƙara wasu shekaru yana aiki, yana kuma rubuta jarrabawar Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma ko ta Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979.

Bincike

Sashen ya yi suna a shekarun 1970 saboda binciken da ya taso daga abin da likitoci suke gani kullum a ɗakunan kwanciya.

Wanda aka fi sani shi ne na ciwon zuciyar masu jego. Likitoci sun lura mata da yawa suna zuwa makonni kaɗan bayan haihuwa da kumburin jiki da haki da tari, alhali kafin nan zuciyarsu lafiya lau. A 1978 Davidson da Parry suka wallafa bayani kan mata 224 da aka duba a Zariya, kusan dukkansu Hausawa da Fulani. Sun danganta yawan ciwon da al'adun jego: wanka da ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa. Hujjarsu ita ce kanwa tana da gishiri mai yawa da ke sa jiki ya riƙe ruwa, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Wannan bayani ya shiga littattafan likitanci ya daɗe. Sai dai binciken da aka yi daga baya a asibitocin Najeriya da dama, ƙarƙashin Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ta Kano, bai sami alaƙa tsakanin ciwon da wankan jego ba. Ya fi nuni ga talauci, ramar uwa da hawan jinin masu ciki. Arewacin Najeriya har yanzu yana cikin wuraren da wannan ciwo ya fi yawa a duniya.

David Warrell ya yi aiki kan saran maciji, musamman kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da "gobe da nisa". Dafinta yana hana jini daskarewa, har majinyaci ya riƙa zubar da jini ta dasashi ko ta cikin jiki. Daga aikinsa a Zariya da wasu asibitocin arewa aka sami wani gwaji mai sauƙi: a zuba jinin wanda aka sara a busasshiyar kwalba mai tsabta, a bar shi minti 20 ba a taɓa ba. Idan bai daskare ba, dafi ya shiga jini, sai a ba shi maganin dafi. Gwajin ba ya bukatar lantarki ko na'ura, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar amfani da shi har yau.

Brian Greenwood, wanda ya zauna a Zariya daga 1970 zuwa 1980 kafin ya koma Gambiya, ya mai da hankali kan sanƙarau, cutar da ke ɓarkewa lokacin rani. A ƙarshen shekarun 1970 likitocin Zariya sun gwada allura guda ɗaya ta chloramphenicol mai daɗewa a jiki, maimakon allurai na kwanaki da dama. Hanyar ta dace da lokacin annoba, sa'ad da majinyata suka fi ƙarfin gadaje da ma'aikata, kuma an daɗe ana amfani da ita a ƙasashen Sahel kafin a koma ga ceftriaxone.