Yaronka Ya Tafi Da Littafin Ciniki: Ina Mafita?

Duk wanda ya daɗe yana kai shanu Malanbil ya san jarin falke bai tsaya kan kuɗi kaɗai ba. Akwai sanin rugar da ake samun sa mai arha, da sunayen mahautan Paraku da Kwatano masu biya a kan lokaci, da farashin da aka ƙulla cikin hannun riga. Ni kaina yaron da na riƙa shekara 9 ya kwafe littafina, ya haye gada zuwa Gaya, ya miƙa wa abokin hamayyata. Kafin Babbar Sallah masu sayena uku sun juya mini baya.

To, doka ba ta yi shiru ba. Benin da Nijar suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda ke aiki da Yarjejeniyar Bangi ta 1977, da aka sabunta a 1999 da 2015. Rataye na 8 na yarjejeniyar ya haramta fallasa ko amfani da sirrin kasuwancin wani ta hanyar ha'inci ba da izininsa ba. Alƙali na da ikon hana mai laifi ci gaba da amfani da sirrin, ya kuma sa shi biyan diyya. Wanda ya karɓi sirrin alhali ya san na sata ne, shi ma yana ciki.

Sharuɗɗa uku ne: abin ya zama ba kowa ya sani ba, ɓoyuwarsa ce ke ba shi daraja, kuma ka ɗauki matakin tsare shi. Na ukun ne ya kā da ni, don littafina a kan tabarma yake kwana.

Najeriya ba ta cikin OAPI. Idan yaron ya bi ta Kamba ya shige, sai dai ƙarar cin amana ko saɓa alkawari, kuma can ma hujja za a nema.

Saboda haka, jama'a, kafin ka ba yaro littafi ko wayarka, a rubuta yarjejeniyar riƙe sirri, shaidu biyu su sa hannu. Littafi a akwati, waya a kulle. In ɓarna ta auku, a fara kai magana gun sarkin zango don sulhu; in ya ƙi, a nemi lauya da takarda a hannu.

Allah ya haɗa mu da masu amana, amin.